Zubin Haruffa Mai Sauyawa da Rubutun Hausa: Inda Yake Kuskure da Yadda Ake Kauce Masa

Kalmomi uku sun isa su nuna abin da ke cikin hatsari. Fā̀rā ita ce ƙwaron da ke cinye hatsi a gona, fārā̀ shi ne soma abu, farā kuwa kishiyar baƙa ce. A rubutun yau da kullum duka ukun fara ake rubuta su, mai karatu ya rarrabe da taimakon jimla. A kundin nazarin harshe ba a barin wannan aiki ga mai karatu: ƴar sandar da ke kwance bisa wasali tana nuna tsayinsa, alamar da ta gangaro daga hagu zuwa dama tana nuna karin ƙasa, kuma a kalma ta farko da ta biyu dole su biyun su hau wasali guda, ɗaya bisa ɗaya. Idan wajen bugu alamar karin ta nutse cikin sandar, ko ta zame ta koma kan baƙin da ke biye, misalin ya lalace, hujjar da aka ɗora a kansa kuma ta bi shi. Haka abin yake ga ƙugiya: da zarar ta ɓace, baƙi ya koma baki, ɓari ya koma bari, ɗaiɗai ya koma daidai.

Wannan ɓarna tsohuwa ce, tun zamanin tafireta ake fama da ita. Abin da ya ba ta sabuwar kama shi ne zubin haruffa mai sauyawa, wanda a yau ɗalibi ke samun kansa yana aiki da shi ko da bai nema ba. Wanda ya sauko da zubi daga Google Fonts, alal misali, sau da yawa fayil mai sauyawa ne zai fara gani cikin ƙunshin, tsayayyun fayilolin kuma suna can cikin wata jaka a gefe.

Yadda zubin yake aiki

A da, kowane nau'in zubi fayil ɗinsa daban: siriri daban, matsakaici daban, mai gwaɓi daban, na tsutsa daban. A watan Satumba na 2016, a taron masana zanen haruffa na ATypI a birnin Warso na ƙasar Folan, kamfanonin Adobe da Apple da Google da Microsoft suka sanar da OpenType 1.8, tsarin da ya ba da damar tattara dangin zubi gaba ɗaya cikin fayil guda. Tunanin ba sabo ba ne, don Adobe da Apple kowanne ya gwada nasa a shekarun 1990, bai karɓu ba.

Mai zane yana zana kowane harafi a matakai kaɗan, misali mafi siranta da mafi gwaɓi. Waɗannan su ne zanen tushe. Fayil ɗin yana ajiye siffa ɗaya cikakkiya, sannan ga kowane ɗigo na gefen harafin ya ajiye nisan da zai gusa idan an nufi wani tushen. Duk abin da ke tsakani, manhaja ce ke lissafa shi a lokacin da ake bukata. Hanyar da ake bi daga wannan tushe zuwa wancan ita ce ma'auni, kuma biyar ne aka yi wa rajista, kowanne da laƙabi mai harafi huɗu: wght na gwaɓi, inda 400 ke matsayin rubutu na kullum, 700 kuma mai gwaɓi, wdth na faɗi, inda 100 ke matsayin faɗin asali, slnt na karkata, wanda ake aunawa da digiri, ital na rubutun tsutsa, sai opsz, wanda ke daidaita zanen da girman da za a buga shi.

Siffofin haruffa rabin labarin ne kawai. Cikin fayil ɗin akwai jadawalai da ke faɗin yadda haruffa za su zauna da juna. GSUB shi ke musanya wata siffa da wata, GPOS kuma shi ke faɗin tazara tsakanin haruffa biyu da wurin da alama za ta sauka bisa wasali. A tsayayyen zubi waɗannan lambobi kafaffu ne, mai zane ya duba su da idonsa. A zubi mai sauyawa dole su ma su riƙa tafiya tare da ma'auni. Daga nan yawancin kurakuran ke fitowa, domin tsakanin 400 da 700 akwai ɗaruruwan matakai da babu wanda ya taɓa dubawa, balle a haruffan da mai zanen bai san harshen da ke amfani da su ba.

A fara gano mai laifi

Idan shafi ya fito a gurguje, uku ake tuhuma: matanin kansa, zubin, ko manhajar da ke shirya shafin. Gyara kafin a tantance wanne ne ɓata lokaci ne, wani lokaci ma ƙara ɓarna.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tanadi layin gwaji guda da ke ɗauke da duk abin da kundin zai bukata: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, wasula biyar da sanda, da karin ƙasa, da su biyun tare, da hular karin faɗuwa, sai r̃ da wasu kalmomi irin su kuɗī, fìta, ƴāƴā, mā̀tā. A buga wannan layi da zubin da ake so a 400, a 700, a wani mataki na tsakiya kamar 550, sannan da rubutun tsutsa. Sai a maimaita da Charis SIL ko Doulos SIL, tsayayyun zubi waɗanda aka ƙera musamman domin aikin harsuna. Idan layin ya lalace har a waɗannan, to matanin ko manhajar ce. Idan ya fito daidai a nan ya lalace a can, a kai zubin da ake zargi wata manhajar. Mai ɗan sabo da rubuta umarni ga kwamfuta yana iya amfani da hb-view, ƙaramin kayan aiki na HarfBuzz, injin jera haruffa da LibreOffice da Firefox da Chrome suke amfani da shi: ana ba shi fayil da kalma da matakin ma'auni, ya zana abin da zubin ya ƙunsa ba tare da wata manhaja ta shiga tsakani ba. Abin da ya gurgunce a hb-view, laifin zubi ne.

Ƙugiya

Haruffan Hausa takwas masu ƙugiya ba wuri ɗaya suke zaune ba a cikin Unicode. Ɓ, Ɗ, Ƙ, ƙ, Ƴ da ƴ suna cikin rukunin ƙarin haruffan Latin na biyu, amma ɓ mai lamba U+0253 da ɗ mai lamba U+0257 suna cikin rukunin alamomin furuci na IPA. Mai zanen da ya cika rukunin farko ya tsallake na biyu, yana ganin na masana furuci ne kawai, zai bar Bahaushe da manyan Ɓ da Ɗ babu ƙanana. Manhaja ba ta faɗa wa kowa; aro take yi daga wani zubin ta cike gurbin. A tsayayyen zubi aron yakan ɗan ɓuya. A mai sauyawa kuwa, idan an zaɓi gwaɓi 450 ko an matse faɗi zuwa 87, harafin aron ba ya iya bin sahu, sai ya tsaya tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki.

Kuskure na biyu ya fi wannan wayo. Harafin yana nan cikin fayil, amma an ƙara shi daga baya a zanen tushe ɗaya kaɗai. Tun da ba a ajiye masa nisan gusawa ba, ko an ja ma'auni zuwa 800 shi yana nan a siffarsa ta asali. Sakamakon shi ne kanun babi mai gwaɓi da siririn ƙ a tsakiyarsa. Wanda ya gwada zubin a 400 kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba.

Na uku ya shafi yadda ake haɗa ƙugiyar. Zubi mai sauyawa yana barin sassan harafi suna hawan juna, domin kowane tushe dole ya kasance da adadin ɗigogi iri ɗaya. Sau da yawa ƙugiyar ɓ yanki ce daban da aka ɗora bisa b. A allo ba a ganin komai, amma idan aka yi wa harafin zobe a gefe, ko aka sa masa launi mai ratsuwa a bangon mujalla, mahaɗar takan bayyana. In kuma an zana yankin ta baibai, wurin da sassan suka haɗu yakan zama farin rami. Akwai kuma lanƙwasar da take sumul a tushe biyu amma ta yi ɗan gwiwa a tsakiya, saboda lissafin tsaka-tsaki yana bin miƙaƙƙen layi, lanƙwasa kuwa ba ta bi.

Maganin rashin harafi da na harafin da ba ya motsi ɗaya ne: a sauya zubi. Ba a ceto zubin da ba shi da ɗ. Inda dokar sashe ko ta maɗaba'a ta tilasta wani zubi ga matanin Faransanci, ana iya ware misalan Hausa gaba ɗayansu a ba su salo na musamman da wani zubin da ya cika, maimakon a bar manhaja tana aro harafi ɗaya-ɗaya. Kalma ta fito cikin zubi guda, ko da ya bambanta da na kewayenta, ta fi kalmar da aka yi wa faci.

Alamomi bisa wasali

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan ne masu nazarin harshe suka fi kowa shan wahala, domin rubutun yau da kullum ba ya sa waɗannan alamomi.

A tsarin da Paul Newman ya bi a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, sanda na nuna dogon wasali, karin ƙasa da karin faɗuwa kowanne da alamarsa, karin sama ba a sa masa komai, sannan r mai kaɗawa ana ɗora masa igiya domin a bambanta bar̃ā̀ na almajiri da barā̀ mai hidima. Unicode yana da ā, ē, ī, ō, ū a matsayin haruffa cikakku. Yana ma da ḕ da ṑ, waɗanda suka shiga saboda wasu dalilai da ba su shafi Hausa ba. Amma ā̀, ī̀, ū̀ da r̃ babu su a dunƙule. Dole a rubuta harafi sannan a biyo shi da alama mai hawa, zubin kuma ya san inda zai ajiye ta. Shi ya sa ake iya ganin jadawalin misalai inda layin e da na o suka fito tsaf, layin a da i da u suka rikice, har mai kundin ya zaci shi ne ya yi kuskuren bugawa.

Zubi yana ajiye alama ne ta hanyar turke: wani ɗigo marar ganuwa bisa harafi, da wani a ƙasan alamar, manhaja ta haɗa su. Ƙa'idar da ke ɗaure alama ga harafi ana kiran ta mark, wadda ke ɗaure alama bisa alama kuma mkmk. Zubi da yawa suna da ta farko domin Faransanci da Jamusanci da makamantansu, ba su da ta biyu. Idan babu mkmk, ko babu turke bisa ā, alamar karin ƙasa tana sauka a daidai tsayin da sandar take, su cakuɗe.

A zubi mai sauyawa turken ma dole ya yi tafiya. Idan harafi ya yi gwaɓi yakan ƙara faɗi, tsakiyarsa ta gusa. Idan ya karkata, kansa ya tafi dama. Turken da aka kafa a tushe ɗaya aka manta da shi a sauran zai bar alamar a tsohon wurinta. Matsalar ta fi fitowa a rubutu mai karkata, kuma abin takaici shi ne al'adar nazarin harshe ta sa misalai a cikin matani da rubutun tsutsa ake buga su. Wani lokacin kuma zubin lafiyarsa lau, manhajar ce ke karanta sauyin siffa ta ƙyale sauyin turke.

Harafin i yana da tasa damuwar: ɗigonsa dole ya kau kafin alama ta hau, aikin da wata ƙa'ida mai suna ccmp ke yi. Sannan akwai karo. Kan f yana leƙawa dama, ƙugiyar ɗ da ta ƴ su ma haka, don haka a fìta da kuɗī da ƴāƴā alamar wasali tana iya gogar baƙin da ya gabace ta. Masu zane sukan gyara tazarar f da ì saboda Italiyanci, amma da wuya a sami wanda ya tuna da ɗ da ī, kuma karon yana tsananta yayin da gwaɓi ke ƙaruwa.

Kafin a ɗora wa zubi laifi, a duba jerin da aka shigar da alamomin. Sanda ce ke fara zuwa, karin ya biyo baya. Wanda ya danna à a allon madannai na AZERTY, don shi ne a kusa, sannan ya ƙara sanda, zai sami sandar bisa karin. Unicode ba ya ɗaukar jerin biyu a matsayin abu guda, ba ya kuma sake jera su da kansa, saboda duka alamomin bisa suke hawa. Bayan munin gani, binciken kalma cikin kundin zai riƙa tsallake wasu misalan.

Hanyoyin gyara suna bin girman matsalar. Idan turke yana daidai a 400 da 700 amma ya kauce a tsakiya, a tsaya a waɗannan matakai biyu masu suna. Idan rubutun tsutsa ne kaɗai ke lalacewa, a buga misalai masu alamomi a miƙe cikin layukansu na daban, a bayyana haka a gabatarwa. Masu aiki da LuaLaTeX suna da zaɓi biyu na injin jera haruffa, nasa na asali da HarfBuzz, kuma sauya ɗaya da ɗaya wani lokaci yakan warware hawan alamomi. Da injin nasa na asali ana iya ƙara tazara tsakanin ɗ da ī sau ɗaya a farkon fayil, ta yi aiki ko'ina cikin kundin. A LibreOffice ana kunna ƙa'ida ko a kashe ta ta hanyar rubuta laƙabinta bayan sunan zubi da ɗigo biyu, misali :-liga domin hana haɗe f da i.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar fasaha ko kaɗan, kuma ita ce mafi ƙarko: ninka wasali. Fàaraa, faaràa, faraa. Masana da dama sun daɗe suna rubuta tsayi ta haka, alamar karin tana zama bisa wasalin farko. Abin da ake bukata shi ne à, è, ì, ò, ù da â, ê, î, ô, û, waɗanda kusan kowane zubi na Latin yake da su a dunƙule. Sharaɗin shi ne a zaɓi tsari ɗaya tun daga shafin farko, a faɗa a fili, kuma idan an ɗauko misali daga aikin da ya yi amfani da sanda a sanar cewa an juya shi. Ga kundin da zai bi ta hannun mai bugu da ba a san kayan aikinsa ba, wannan zaɓi ya fi kwanciyar hankali, ko da yake bai magance r̃ ba.

Gyaran da ke kashe matani

Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin fayilolin Hausa, musamman waɗanda suka fito daga Najeriya, ya ga irin su }asa, wa]anda da ~angare. Kafin Unicode ya yaɗu, an ƙera zubi waɗanda suka zana haruffa masu ƙugiya a gurbin baka da wasu alamomi. A lokacin dabara ce mai amfani, shafuka sun fito da kyau. Amma ranar da aka raba fayil da zubinsa, matanin ya tashi daga Hausa, kuma mai son gina rumbun kalmomi daga irin waɗannan fayiloli sai ya fara da wanke su.

Irin wannan jarabawa tana dawowa duk lokacin da zubi ya gaza. Wani zai sa harafin Rashanci mai kama da Ɓ, wani ya saka siririn fili tsakanin ɗ da ī, wani ya zana alamar karin cikin akwatin rubutu ya ja ta bisa wasali, wani kuma ya koma k' da d'. Dukkansu suna gyara abin da ido ke gani ta hanyar ɓata abin da aka ajiye. Kundin digiri yana daɗewa fiye da zubin da aka buga shi da shi: za a kwafi misalansa, a bincika cikinsa, a juya shi zuwa wani tsari. Don haka kowane gyara ya tsaya a salo ko zubi ko umarnin manhaja, lambobin haruffan su kasance yadda Unicode ya tanada. Ga mai rubutu a Nijar, inda ƙa'idar rubutu ta ɗauki ƴ, wannan ya haɗa da ƙin komawa 'y don kawai zubin ba shi da harafin.

Gajerun manyan haruffa

Ƙa'idojin fassarar ƙwayoyin ma'ana na Leipzig sun saba da rubuta laƙabin nahawu da manyan haruffa masu tsayin ƙanana, kuma al'adar manazarta ta Faransanci takan rubuta sunan marubuci haka. Zubi mai kyau yana da siffofi na musamman domin wannan, ƙarƙashin ƙa'idar smcp. Sai dai sau da yawa jerin yana ƙarewa a haruffan Turai, ta yadda suna kamar Ɗangambo ko Ƙaura zai fito daidai tun da ƙugiyar tana kan babban harafi, amma duk sunan da ke da ƙ ko ɗ a tsakiya zai fito da ƙaramin harafi guda tsaye cikin jerin. Word kuwa ba ya taɓa smcp. Rage girman manyan haruffa yake yi, shi ya sa nasa suke fitowa sirara kusa da sauran rubutu.

A nan ne sauyawar zubin ta zama magani. Abin da ke tona asirin gajerun haruffa na jabu shi ne sirantar sandunansu bayan an rage su. Da ma'aunin gwaɓi ana iya mayar da abin da aka rasa: a rage manyan haruffa zuwa tsayin da ya ɗan ɗara na ƙanana, a ɗaga gwaɓi har kaurin sandunansu ya yi daidai da na matanin, a ɗan ƙara faɗi idan zubin yana da wdth, a buɗe tazara kaɗan. Babu lamba guda da ta dace da kowane zubi, ido ne ke yanke hukunci, kuma a takarda ake yanke shi. Idan an ajiye wannan a matsayin salo ɗaya, Ƙ da Ɗ za su sami daidai abin da A da B suka samu.

Girman bugu da fotokopi

Ma'aunin opsz yana sa haruffan kanu su yi siraran layuka masu kyau, na sharhin ƙasan shafi kuma su yi ƙarfi da buɗewa. Matsala tana zuwa idan manhaja ba ta juya shi da kanta ba, ta bar shi a matakin asali na fayil, ko ta auna girman da wani ma'auni daban: masu buɗe shafukan intanet da ɗigon allo suke lissafi, masu shirya bugu da ma'aunin maɗaba'a. Ƙugiya wuri ne siriri a yawancin zubi, don haka ita ce ke fara ɓacewa idan an buga zanen kanu a ƙaramin girma, kuma ita ce ke fara toshewa idan gwaɓi ya yi yawa. Mujallar ɗalibai da kundin da ake kai wa alƙalan jarrabawa galibi ta injin fotokopi suke bi, kwafi bisa kwafi. Gwajin gaskiya shi ne a buga layin gwajin a girman sharhin ƙasan shafi, a yi masa fotokopi, a yi wa fotokopin fotokopi, sannan a ba wani ya karanta ƙafa da kafa. Wasu zubi, kamar Roboto Flex, suna da ƙarin ma'auni mai laƙabin GRAD wanda ke ƙara duhun harafi ba tare da ya sauya faɗinsa ba, don haka ana iya ƙarfafa rubutun layuka ba su motsa ba.

Daskarar da zubi kafin bugu

Tsarin PDF bai san ma'auni ba. Manhajar da ke fitar da fayil ita ce za ta lissafa siffofin a matakin da aka zaɓa ta cusa su ciki, kuma ba kowace ke yin haka daidai ba. Tsofaffin LibreOffice, kafin 7.5 na 2023, sukan nuna mai gwaɓi a allo su fitar da na asali a PDF. Word ba shi da wurin jan ma'auni, kuma idan bai gane dangantakar nau'o'in zubin ba, danna G yana iya sa shi ya kumbura harafin da kansa, wanda ke cike cikin ƙugiya. InDesign ya fara karɓar zubi mai sauyawa a fitowarsa ta 2020. A ɓangaren LaTeX, LuaLaTeX ne ke iya juya ma'auni. Mai aiki da XeLaTeX gara ya riƙe tsayayyun fayiloli.

Saboda haka, da zarar an gama gwaji an zaɓi matakan da suka fito lafiya, abin da ya fi shi ne a daskarar da su. Idan ƙunshin zubin ya zo da tsayayyun fayiloli kuma matakansu sun wadatar, a girka su, a cire mai sauyawar daga kwamfutar, domin barin su biyun da suna ɗaya yakan rikita manhaja. Idan ana bukatar wani mataki na tsakiya, fontTools yana da kayan aiki na kyauta domin haka. Umarnin fonttools varLib.instancer Zubi.ttf wght=450 yana fitar da sabon fayil a wannan gwaɓi, tare da turaku da tazarori da aka lissafa aka kafe; idan zubin yana da wasu ma'aunan, kowanne sai an faɗi matakinsa kafin fayil ɗin ya zama tsayayye. Ƙara --remove-overlaps yana narkar da sassan da suka hau juna su zama siffa guda, mahaɗar ƙugiya ta ɓace. Daskararwa tana kawar da duk kuskuren da ya samo asali daga manhajar da ba ta iya sauyi ba, amma turken da mai zane bai kafa ba, ba za ta ƙirƙiro shi ba. Wannan sai an buɗe tsayayyen fayil ɗin a manhajar gyaran zubi kamar FontForge an kafa shi da hannu, aikin da ya fi sauƙi a fayil mai tushe ɗaya.

Taɓa fayil yana da sharaɗi na doka. Yawancin zubin kyauta suna ƙarƙashin lasisin OFL na SIL, wanda ya halatta gyara da rarrabawa, amma idan mai zubin ya keɓe sunansa a cikin lasisin, wanda aka gyara dole a sa masa wani suna kafin a ba wasu. Zubin saye kuwa lasisinsa sau da yawa yakan hana gyara gaba ɗaya. Sabon suna yana da wani amfanin ma: kwamfutar maɗaba'a ba za ta musanya gyararren da nata na asali ba.

Bayan an fitar da PDF, a buɗe bayanan fayil ɗin a duba jerin zubin da aka cusa, ko a yi amfani da pdffonts. Sunan zubin da ba a zaɓa ba a cikin jerin alama ce cewa an yi aro a wani shafi. Sannan a kwafi layi ɗaya mai ƙ da ā̀ daga PDF ɗin a manna a fili marar salo, a ga ko haruffan sun dawo yadda aka shigar da su. Abin da za a miƙa wa maɗaba'a shi ne wannan PDF, tare da shafi ɗaya da aka buga a takarda domin mai injin ya kwatanta, a kuma roƙe shi kada ya buɗe fayil ɗin Word.